AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: WANKAN JARIRAI DA ƘURAR ZINARIYA A YAMMACIN ZAMFARA

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata kalma da muka koya a ajin kiwon lafiyar al'umma, muka riƙe ta kamar laya, muna jiran ranar da za mu kama aikin gwamnati mu yi ta yawo da ita ƙauye-ƙauye. Kalmar kuwa ita ce "miyagun al'adu". In yaro ya mutu a Anka, miyagun al'adu. In ya shekara biyu bai taka ba a Bukkuyum, miyagun al'adu. In ƙafafunsa sun shanye a Gummi, miyagun al'adu. Kalma ce mai daɗin faɗi ga ma'aikaci, domin ba ta cin kwabo daga baitulmali, ba ta kuma taɓa wani mai rawani ko mai kujera. Wadda take taɓawa tsohuwa ce mai daro da tsumma, wadda ba ta karanta wannan mujalla, balle ta aiko da amsa. To, mu za mu amsa a madadinta. Za mu faɗi inda take da gaskiya, mu faɗi inda ba ta da ita, sa'an nan mu nuna jakin da aka bari ana ta dukan taiki.

Bari mu fara tuna wa waɗanda zaman ɗakunan kwanan jami'a ya mantar da su yadda abin yake. Tun daga ranar haihuwa har a yi arba'in, safe da maraice, unguwarzoma ko kaka takan zauna a kan 'yar kujera ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jariri a kan ƙwaurinta. Ta wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ta tsoma tsumma cikin ruwan ta matse, ta bi gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya tana dannawa: wuya, kafaɗu, gadon baya, ƙugu, gwiwoyi. Ta kama hannayensa ta gicciya su a ƙirji, ta mai da su baya, ta lanƙwasa ƙafafu ta miƙe, ta riƙe shi ta hannu ɗaya ta ɗaga, ta sāke ta ɗayan, wata ma har ta kama duga-dugansa ta juya kansa ƙasa na ɗan ƙiftawa, ta ɗan cilla shi sama ta cafe. Sa'an nan ta shafe shi da man kaɗanya ko man shanu ta miƙa wa uwa. Bayan 'yan watanni sai koyon zama, a kafa shi cikin masaki ko daro a tokare shi da tsummoki. Daga nan sai tatata, a riƙe masa hannu biyu ana jan sa, sai kuma ɗan keken katako mai ƙafa uku da kafinta yake yi. Tsakanin wannan da wancan kuwa yana goye a baya yini guda, yana koyon tsai da wuya duk lokacin da uwar ta sunkuya a kan turmi ko murhu. In ka tambayi tsohuwar dalili, sai ta ce don jikinsa ya yi ƙwari, kada ya tashi lagwai-lagwai, kada kuma ya zama matsoraci.

Abin dariya, ko kuwa abin kunya, shi ne yadda Turawan da muke kwaikwayo wajen raina wannan aiki suka daɗe da zuwa da takarda da alƙalami suna nazarinsa. A shekarun 1950 wata likita Bafaranshiya, Marcelle Geber, ta auna jarirai a Kampala ta ƙasar Yuganda, ta ba da labarin cewa suna riga 'ya'yan Turai tsai da wuya da zama. Wasu suka ce ai jinin baƙar fata ne, kamar yadda suka saba faɗi in sun ga abin da ba su gane ba. Sai a 1976 wani Ba'amurke, Charles Super, ya warware zancen da abin da ya gani wurin Kipsigis na ƙasar Kenya. Iyayen can suna koya wa jariri zama da gangan, har sukan haƙa ɗan rami su kafa shi ciki, suna kuma koya masa taku kullum. Sai ga 'ya'yansu suna riga na Amurka zama da tafiya da kamar wata guda. Amma a abubuwan da ba a koya musu ba, irin su rarrafe da juyawa, ba su riga kowa ba. Ashe horo ne, ba jini ba. A 1986 Blandine Bril da Colette Sabatier suka rubuta yadda matan Bambara na Mali suke tausa da miƙe jarirai da rataye su ta hannu, kusan daidai da abin da muka bayyana a sama. Brian Hopkins da Tamme Westra kuwa sun iske irin wannan horo a hannun matan Jamaika mazauna Ingila, jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka ta Yamma cikin jiragen bayi, sun kuma ga 'ya'yansu suna riga na maƙwabtansu Turawa zama da tafiya. Abin da ya tsallake teku cikin sarƙa ya rayu shekaru ɗaruruwa, shi ne muke so mu kashe da takardar sanarwa guda daga ofishin lafiya na ƙaramar hukuma.

Batun tausa da mai ma haka yake. A 1986 Tiffany Field ta nuna a Amurka cewa bakwainin da ake yi wa tausa sau uku a yini sun fi waɗanda ba a yi wa ƙaruwar nauyi da kashi 47 cikin 100. A wani asibitin yara na Dhaka, babban birnin Bangaladash, Gary Darmstadt da abokan aikinsa sun shafa wa bakwaini man sanfulawa, suka ga cututtukan da ake ɗauka a asibiti sun ragu ƙwarai, mace-mace ma sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Su ɗin dai sun gano cewa man mastad, wanda mutanen can suka gada kaka da kakanni, yana ɓata fatar jariri. Watau ba kowane mai ba ne mai. Wannan ita ce hanyar masu ilmi, a auna, a riƙe mai kyau, a zubar da marar kyau. Muna da sashen harhaɗa magunguna a Zariya da Sakkwato da Kano, muna da man kaɗanya a kowace kasuwa daga Gummi har Nasarawar Burkullu, me zai hana a yi masa irin awon da aka yi wa na Dhaka?

Amma fa kada 'yan'uwanmu na ƙungiyoyin raya al'adu su yi saurin tafi. Riga tafiya da wata guda ba ya sa yaro ya fi wani basira, kuma kafin a yaye su duk sun kamo juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a Gana da Indiya da Nowe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006: lafiyayyen yaro yakan zauna shi kaɗai tsakanin wata 4 zuwa 9, yakan yi tafiya tsakanin wata 8 zuwa kusan 18, kuma wajen huɗu cikin ɗari ba su taɓa yin rarrafe ba, sai suka miƙe kawai. Saboda haka kishiyar da take yi wa 'yar'uwarta gori don ɗanta ya shekara bai taka ba, ba ta da hujja ko a gargajiyance ko a bokance. Amfanin wankan na gaskiya ya wuce tseren tafiya. Sau biyu a yini, kwana arba'in, wata mai ido da ta ga jarirai ɗari tana duba wannan jariri tsirara daga ka har ƙafa. Ita ce farkon mai ganin idon da ya yi rawaya, da cibiyar da ta yi wari, da hannun da ba ya motsi, da wuyan da ya ƙi tsayawa. Wane asibiti ne a faɗin Jihar Zamfara yake iya duba jariri sau tamanin a kwana arba'in, kyauta?

Akwai kuma abubuwa cikin daron nan da ba za mu kare ba, ko da an ce mun zama Nasara. Wanke jariri da zarar ya faɗo yana sanyaya jininsa, yana kuma kankare farin maiƙon da Allah ya lulluɓe shi da shi don kāriya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jinkirta wankan farko awa 24, a goge shi kawai a manna shi a ƙirjin uwa. Ruwan da yake ƙona gwiwar hannun babba ba ruwan wankan jariri ba ne. Gasa cibiya da tsingaro mai zafi, ko cusa mata toka da makamantanta, ƙofa ce ta cutar sarƙe-haƙora da ruɓewar jini, ga shi kuwa akwai man cibiya na kulohezidin, wanda maƙwabciyarmu Jihar Sakkwato ta fara rabawa gida-gida tun 2013. Ɗura wa jariri bauri yana kuka na iya kai ruwan cikin huhunsa. Askar wanzami da ta cire belun yara goma ba tare da an dafa ta ba, kowa ya san abin da take ɗauke da shi. Sai kuma kwalli, wanda za mu komo kansa, domin shi ne ya fi kowanne ba da mamaki.

Duk wannan gaskiya ne. To, amma shi ne ya kashe yaran Anka da Bukkuyum?

A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan yankin, ba wanda ya kula. Sai yara suka biyo baya, amai, suma, jijjiga, mutuwa. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, waɗanda suke yawon neman sanƙarau, suka ci karo da sababbin kaburbura ƙanana jere a maƙabartu. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka aika da jinin yaran waje aka auna, sai ga dalma. Farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowane oza a 2009, manomin da gero bai ciyar da shi shekara ba ya koma haƙar dutse, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi gida a buhu, mata suna dakawa a turmin da ake daka hatsi, ana niƙawa a injin niƙan gari, ana shanyawa a tsakar gida. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum: ya kamata kowane ɗalibi ɗan Zamfara ya haddace sunayen nan. A ƙauyuka biyu kaɗai da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ƙirga gida-gida, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Cikin waɗanda aka auna jininsu, 97 cikin 100 sun kai matakin da likita yake cewa lalle a ba da maganin fitar da guba. Jimlar waɗanda suka mutu an ƙiyasta ta a kan 400 ko fiye, waɗanda suka sha gubar suka rayu kuwa dubbai ne.

A lura da wanda dalma take zaɓa. Jariri na goye yana da ɗan sauƙi. Wanda ya fi shiga uku shi ne wanda ya koyi zama da rarrafe, wanda tafin hannunsa yake ƙasa yini guda, daga ƙasa kuma sai baki. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ya fi ma haka in yaron yana fama da ƙarancin jini ko yunwa. Jiki yana ɗaukarta kamar sinadarin gina ƙashi, ya ajiye ta cikin ƙashi shekara da shekaru, mai ciki kuma ta miƙa wa ɗan tayinta ta mahaifa. Tana cin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da suke ba gaɓoɓi umarni. Yaran da suka farfaɗo daga jijjigar nan wasu sun makance, wasu sun kurmance, wasu da suka riga suka fara tatata sun koma kwance, kuma maganin da yake fitar da gubar daga jini ba ya mai da abin da ta riga ta ɓata. Dubi wannan abin takaici: kakar da ta ɓata kwana arba'in tana gina wa jikanta ƙwarin zama da wuri, ashe tana hanzarta shi ne zuwa ƙasar da za ta kashe shi. Laifin hannunta ne, ko laifin ƙasar? Wa kuma ya kamata ya san abin da yake cikin ƙasar, ita ko ma'aikatar ma'adinai da take da masana duwatsu masu digiri?

Maganin abin ba wani boyayyen sirri ba ne. A kankare saman ƙasar gidaje a binne, a zuba sabuwa, sa'an nan a ba yara magani, domin in an ba su suka koma kan tsohuwar ƙasa an yi aikin banza. An yi haka a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, galibi da taimakon ƙungiyoyin waje. Bagega, wadda ta fi su yawan jama'a, sai da ta jira har 2013. Likitoci suna zaune da magani a hannu ba damar bayarwa, kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari suna kwance a Abuja, sai da matasa irinmu suka tā da ƙura a kafofin sadarwa da kiran a ceci Bagega, sa'an nan Shugaba Goodluck Jonathan ya saki kuɗin a watan Janairu na shekarar. Shekara uku! Yaron da aka haifa ranar da aka gano gubar, ya yi zamansa da rarrafensa da tatatarsa duk a kan dalma kafin fayil ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan. Ba mu ji wanda ya kira wannan jinkiri da sunan muguwar al'ada ba, ko da yake ya fi cire belu daɗewa a ofisoshinmu. Darasin ma ba a ɗauka ba, domin a 2015 abin ya sāke aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara kusan 30 suka tafi.

Ba yau aka fara ɗora wa daro laifin da ba nasa kaɗai ba. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da yake kama masu jego, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Aiki ne na ƙwarai a zamaninsa, kuma har yau ba mu ba kowa shawarar ta cika cikinta da kanwa ba. Amma da Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka tattara masu wannan ciwo daga asibitoci da dama na Nijeriya suka buga sakamako a 2020, abubuwan da suka fito fili su ne rashin ilmi, da rashin abin yi, da rama, da hawan jinin masu ciki. Wankan da kunun ba su tsaya da ƙafarsu a lissafin ba. Shekara arba'in muna wa mata wa'azi a kan tukunyar ruwan zafi, talauci yana tsaye a bakin ƙofa ba mai ce masa kanzil.

Yanzu kuma wani sabon abu yana kashe wankan, ba tare da taimakon malaman lafiya ba. Wankan arba'in yana bukatar itace, da ruwa, da ɗaki, da tsohuwa, da kwanciyar hankali. Wace mace ce za ta shiga daji neman itace a ƙasar da 'yan bindiga suke karɓar haraji? A watan Janairu na 2022 sun afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana da kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Dubban waɗanda suka gudo garin Anka a shekarun nan sun fake har a kangon sabuwar fadar Sarkin Zamfara da ba a gama ginawa ba. Macen da ta haihu a ƙarƙashin leda, uwarta tana wani gari ko tana kabari, wa zai miƙe wa ɗanta gaɓoɓi? Yaron da tamowa ta cinye masa naman cinya kuwa, ko an yi masa tausa sau dubu ba shi da abin da zai tsaya a kai. Gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, kuma tsakanin hanin da ɗagewar ba dutsen da ya daina fitowa daga rami, sai dai hannun da yake karɓar kuɗinsa ne ya sauya.

Mu koma kan kwalli. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake daka wa jariri a ranar suna, don idonsa ya yi kyau ya kuma tsira daga kambun baka, sau da yawa ɗan'uwan dutsen nan ne da ya kashe yaran Dareta, watau dalma ce haɗe da farar wuta. A 2012 hukumar lafiyar Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan 'yan Nijeriya a birnin Bostan da aka samu dalma a jininsa; da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka iske fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido, yana sa yatsa a baki. Ga muguwar al'ada ta gaske, wadda take cikin jakar kusan kowace uwa, har da iyayenmu mu masu rubutun nan. To, wa zai raba jariri da ita? Ba kwamishina ba, ba mu ba. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da suke haihuwa a asibiti ba su kai 20 cikin 100 ba. Da yawa cikin sauran suna hannun unguwarzoma. In ta ce a bar kwalli, an bari. In ta ce a jinkirta wankan farko zuwa gobe, an jinkirta. In ta ce maigida ya tuɓe kayan haƙa ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa, kada kuma a ɗebo ruwan wanka daga kududdufin da ake wanke dutse, maganarta ta fi ta rediyo shiga. Wanke hannun yaro da jikinsa yana cikin manyan hanyoyin rage ƙurar dalma, watau daron da muke zagi makami ne a yaƙin da muka kāsa. Matar da take riƙe da shi kuwa mun kira ta jahila a gaban surukarta, sa'an nan muna mamakin ba ta zo taronmu ba.

Saboda haka muna kawo wa majalisar ɗalibai wannan shawara, muna kuma roƙon ƙungiyar ɗaliban Zamfara ta ɗauke ta. A hutun ƙarshen shekara, 'yan'uwanmu mata da suka fito daga Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda za a bari su shiga cikin gida, kowace ta nemi unguwarzomar unguwarsu, ta gaishe ta da "Inna" ko "Kaka" kamar yadda aka koya mata, ta zauna ta ga wanka uku kafin ta buɗe baki. Ta rubuta yadda ake yi, da man da ake shafawa, da inda aka ɗebo ruwan. Ta sayo ƙullin kwalli daga kasuwar garin, a kai sashen kimiyyar sinadarai a auna, a buga sakamakon a wannan mujalla da sunan kowace kasuwa. MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga Gwamnatin Jihar Zamfara a 2022. Waɗanda suke cikinmu da suka riga suka kama aiki a Gusau su nemo mana, a rubuce, yara nawa aka auna jininsu daga ranar zuwa yau, a waɗanne ƙauyuka, kuma na'urar awon tana aiki ko tana cikin kwali.